Masu Ajiya Biyu

An yi wani dattijo a wani ƙauye na kwarin Kaita, gabas da Tawa, kusa da Tamaske, wanda yara da manya ke kira Baba Mai Albasa. Da ƙuruciyarsa ya yi ci-rani kamar sauran mazan Adar. Ya yi Abijan, ya yi dako a kasuwar Ajame, ya sayar da shayi da burodi a bakin titi, ya dawo gida da ɗan jari. Sa'ad da aikin raya kwarin Kaita ya zo a 1984, aka yi ta jera duwatsu a kan tuddai ana tare ruwan sama, fadamu suka farfaɗo, shi kuwa ya haƙa rijiya ya shiga noman albasa. Daga noma ya ƙara da saye. Yakan saye ta lokacin cira tana arha, ya jibge a rudu, ya haƙura har ta yi daraja, sannan ya loda wa manyan motoci masu gangarawa Gana da Abijan.

Ƙasar Adar ƙasar dutse ce, damina ba ta cika riƙe gida har shekara ba. Da an kai hatsi rumbu samari sun ɗaure kaya, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Kamaru, wasu Najeriya. Abin da suka samu sai su aiko ta Nita ko Al Izza ko Amana, kuma yawancin samarin ƙauyen da sunan Baba suke aikowa. Wannan ya ce a auna wa tsohuwarsa hatsi buhu biyu, a ajiye saura. Wancan ya ce kuɗin aurensa ne, kada a ba kowa ko da ubansa ne ya tambaya. Wani na tara na ginin ɗaki. Baba yana da ɗan littafi mai bangon fata da yake rubuta komai da ajami, kuma shekara da shekaru ba a taɓa jin dala ɗaya ta yi ɓatan kai a hannunsa ba.

Da fari a akwatin ƙarfe yake ajiyar. Da kuɗin suka yi yawa, hanyoyi kuma suka rage aminci, sai ya buɗe asusu a wani banki a Tawa. Yakan zo ranar Lahadi ya ci kasuwa, ya kwana gidan ƙanensa, Litinin da safe ya shiga banki ya zuba abin da ya kawo. A can akwai wata ma'aikaciya, 'yar garin ce, ta yi karatu a jami'ar Tawa, abokan aiki suna ce mata Madam. Ita ke cika masa takarda, shi ya dangwala yatsa. Tana ce masa Baba, yana ce mata ɗiyata, kuma duk shekara sai ya kawo mata kwandon albasa mai ja.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, takardun kuɗi suka yi wuya a bankuna. Mutane suka riƙa kafa layi tun asuba. Wata Litinin Madam ta hango Baba a rana, ya lulluɓe kai da rawani, ya yi awa huɗu a tsaye. Ta kira shi ciki, ta karɓi wayar da ɗansa ya aiko masa daga Libiya, ta sa masa manhajar banki. Ta ce daga yau yana zaune gida zai iya tura kuɗi, ba zai ƙara shan rana ba. Da gaske ta tausaya masa. A watan nan kuma an ɗora wa kowane ma'aikaci adadin mutanen da zai sa wa manhajar, ita saura mutum biyar ta cika nata. Akwai mutane a bayansa suna jira, don haka ta nuna masa inda ake taɓawa, ta sallame shi.

Baba ba ya karanta boko. Yana da jika ɗan shekara goma da ke zuwa lakkol, shi ne idonsa a kan waya. Haka suka yi ta tafiya lafiya, har bayan an ɗage takunkumin a Fabrairun 2024.

A bazarar 2025, saura kamar wata guda Layya, asusun ya cika. Akwai kuɗin albasarsa, akwai na raguna da na iri da samari suka aiko, jimla sefa miliyan 7 da jaka 200. Miliyan 4 daga ciki na gidaje goma sha ɗaya ne.

Ranar Juma'a bayan la'asar wayar ta yi ƙara, sunan bankin ya fito a fuskarta. Mai kiran ya yi sallama da Hausar Adar tsantsa, ya gaishe shi da gajiya, ya tambayi mutanen gida da dabbobi, bai yi gaggawa ba ko kaɗan. Ya kira shi da cikakken sunansa. Ya ce ai ranar Litinin da ta wuce ya zuba miliyan ɗaya da jaka ɗari uku, ko ba haka ba? Baba ya ce haka ne. Mutumin ya ce to an ba da umarni daga Yamai, duk asusun da ba a sabunta ba kafin magariba za a rufe shi har bayan Salla, shi kuma ya ga dattijo ne mai nisa, ya ce bari ya hutar da shi tafiya. Za a aiko saƙo yanzu da lambobi shida, a karanto masa kawai, shi ke nan.

Saƙon ya shigo. Baba ya kira jikan daga wajen wasa. Yaron ya karɓi waya, ya sa ɗan yatsa a ƙarƙashin lambobin, ya karanto su ɗaya bayan ɗaya da murya sama, yana jin daɗin an neme shi. Ƙarƙashin lambobin akwai layi biyu na Faransanci da ke cewa kada a faɗa wa kowa wannan lamba, ko ma'aikacin banki ne. Lambobi aka tambaye shi, lambobi ya karanta. Mai kiran ya yi godiya, ya sa wa yaron albarka, ya kashe.

Da lambobin nan shida aka buɗe asusun Baba a kan wata waya, a wani gari. Cikin dare wayarsa ta yi ƙara sau uku yana barci. Da safe bayan salla yaron ya duba, ya ce Kaka, an ce an fitar da kuɗi. Miliyan 2 da jaka 400 sun tafi, iyakar abin da tsarin bankin ya yarda a fitar a yini ɗaya.

Baba bai yi kururuwa ba. Ya ɗauko katinsa, ya sa aka buga lambar da ke bayansa. Wata murya ta naɗe ta yi magana da Faransanci, ta ce a taɓa ɗaya, a taɓa biyu. Aka kira malamin makaranta ya saurara, ya ce tana cewa a sake kira a lokacin aiki. Suka sake bugawa, suka sake, har sau biyar. Sai ya hau babur zuwa bakin hanya, ya jira mota, ya iso Tawa bayan azahar. Ƙofar banki a rufe. Mai gadi ya san shi, ya ba shi kujera da ruwa, ya ce wallahi shi ƙofa kaɗai yake tsaro, ba shi da lambar kowa sai ta shugabansa na kamfanin gadi. Yana zaune a kan kujerar nan, bayansa jingine da bangon bankin, wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ta sake yi. Ta sake yi. Ya san ko mene ne, bai ciro ta ba. Ranar Lahadi, ana tsakiyar cin kasuwa, ta yi ukun ƙarshe.

Litinin da safe shi ne na farko a layi. Madam ta buɗe asusun a kwamfuta, ta daɗe tana kallo kafin ta ɗago. Aka kai shi ofishin direkta. Direktan mutum ne mai ladabi, ya tashi tsaye ya karɓe shi, ya jajanta masa. Ya tambaye shi ko shi da bakinsa ya ba da lambar. Baba ya ce da izininsa aka karanta, kada a sa yaron a ciki. Direkta ya ce to Baba, in mutum ya miƙa wa wani mabuɗin rumbunsa da hannunsa, wanda ya gina rumbun ba shi da laifi. Baba ya ce gaskiya ne. Ya ce amma in mai rumbun ya zo da gudu yana cewa an karɓe mini mabuɗi, ya tarar da mai tsaro ya tafi hutu, ana ta kwasa yana kallo kwana biyu, wannan fa? Direkta ya ce za a rubuta rahoto a aika Yamai, kafin nan ya je kwamisariya ya shigar da ƙara.

A kwamisariya aka rubuta bayaninsa. Wani ɗan sanda ya ce masa tun 2019 akwai doka a Nijar da ke hukunta masu zamba ta waya da intanet, in an kama su. Kuɗin dai an rarraba su cikin asusun waya barkatai, an cire su a rumfunan masu canji a garuruwa dabam-dabam, layukan kuma da katin shaidar wasu mutane aka yi musu rajista. Ya ce a yi haƙuri, ana bincike.

Baba ya koma gida. Bayan isha ya je wajen liman, ya ba shi labarin duka, ya ce yana so ya san matsayinsa game da kuɗin mutane. Liman ya ce abin da suka karanta a Risala da sauran littattafan Malikiyya shi ne mai ajiya amintacce ne, in abu ya salwanta a hannunsa ba da sakacinsa ba, babu biya a kansa. Sannan ya tambaye shi: kuɗin samarin a ware suke, ko ka haɗa da naka kana juyawa? Baba ya ce a haɗe suke, yakan sayi albasa da su in ta kama, ya mayar in ya sayar, kuma duk masu kuɗin sun sani. Liman ya yi shiru kaɗan. Ya ce to ajiyar da aka juya ta tashi daga ajiya, ta zama bashi a wuyan wanda ya juya ta. Ko wuta ta ci, ko ɓarawo ya ɗauka, biya ya tabbata.

Baba ya ce ya ji. Kashegari ya fara kwance rudu, albasar da ya so ya riƙe har ta yi tsada ya sayar da ita a farashin da ya samu. Ya kai shanu biyu kasuwa. Ya jinginar da rabin fadamarsa. Wani daga cikin samarin ya bugo daga Abijan yana kuka, ya ce ya yafe nasa. Baba ya ce a'a, ka karɓi abinka tukuna, in ya shiga hannunka ka ga dama ka yi kyauta da shi, wannan magana ce dabam. Kafin Layya gidaje goma sha ɗaya kowanne ya karɓi nasa, ya buɗe littafinsa ya ja layi a kan kowane suna. A shekarar nan gidansa ɗan akuya aka yanka.

Bayan Salla aka aika masa ya zo ya dangwala yatsa a kan bayaninsa, don a haɗa da rahoto. Ya zo ya zauna gaban Madam, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ta tambayi gida, ya ce lafiya lau. Ta tambayi masu ajiya, ya ce ya sallame su duka, ya gaya mata abin da liman ya ce. Sannan ya ce, ɗiyata, ina da tambaya, don ni ban yi boko ba. Kuɗin da nike kawo muku, a ɗaki kuke kulle su har in dawo, ko juya su kuke? Ta ce ana juyawa, Baba, ana ba 'yan kasuwa da ma'aikata bashi da su. Ya ce to. Ya dangwala yatsa, ya goge shi a gefen rigarsa, ya yi mata sallama. Da ta tashi rufe ofis ta tarar da ɗan ƙullin albasa a gefen kujerar da ya zauna, bai kai rabin na kowace shekara ba.

Rahoton yana kan teburinta, direkta ya riga ya tsara shi. Layi uku ne: abokin ciniki ya ba da lambar sirrinsa da kansa, saƙon yana ɗauke da gargaɗi, banki ba shi da alhaki. Sa hannunta kaɗai ake jira, a matsayinta na mai kula da asusun. Ta san takardar sarai, domin cikin watannin da suka wuce ta sa hannu a kan irinta har uku: ta wani malamin makaranta, ta wata mai sayar da atamfa, da ta wani dillalin dabbobi na wajen Barmu. Duka ukun ba ta ɗauki minti ɗaya ba.

Wannan karon ta ce bari ta duba tukuna. Ta nemi bayanan asusun daga sashen kwamfuta. Ta ga an buɗe manhajar a kan sabuwar waya ƙarfe biyar da 'yan mintoci na yammacin Juma'a, kuma kafin gari ya waye an ƙara sunayen masu karɓa tara waɗanda Baba bai taɓa tura wa ko dala ba. Mutumin da bai taɓa fitar da abin da ya wuce jaka ɗari biyar a rana ba, ga shi yana kai iyaka kwana uku a jere, ba abin da ya tsaya, ba wanda aka tasa daga barci. Ta nemi jerin kiran da suka shigo layin gaggawa, ta ga lambarsa sau biyar a safiyar Asabar, na farko ƙarfe bakwai saura kwata. A lokacin nan kashi biyu cikin uku na kuɗinsa suna nan daram. Ta fita zaure ta tsaya gaban allon sanarwa. Takardar gargaɗin da Yamai ta aiko tun watanni tana manne a bayan ƙofa, da Faransanci, rabinta a rufe da kalandar shekara. Ta waiwaya ta dubi kwandon shara na gefen kanta, cike da rasiɗan zuba kuɗi da mutane ke yarwa, kowanne da suna da lambar asusu da adadi. Ba ta san ko daga nan mai kiran ya samu labarin miliyan ɗaya da jaka ɗari ukun ba, ko daga wani da ke tsaye a layi, ko daga wani da ke zaune a cikin ofis. Ta dai san daga wajen Baba bai fito ba.

Da dare ta kira yayanta, lauya ne a Yamai. Ya ce mata wannan gardama duniya duka ake yin ta. A Faransa, ranar 23 ga Oktoba 2024, babbar kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa wani banki ya mayar wa abokin cinikinsa euro 54,500, saboda ɗan damfarar ya kira shi da lambar da ta fito kamar ta ma'aikaciyar bankin, kotu ta ce wanda aka yaudara ta haka ba a ce ya yi mummunan sakaci ba. A Ingila kuma, daga 7 ga Oktoba 2024, an wajabta wa bankuna su biya wanda aka yaudara ya tura kuɗi har zuwa fam 85,000, bankin da kuɗin ya fita da wanda ya karɓa su raba biyan. Ya ce amma kada ta ruɗi kanta, waɗannan dokokin can suke aiki. A nan, hukumar kula da bankuna ta ƙasashen sefa da ke Abijan ta wajabta wa bankuna tun 2020 su karɓi koken abokan ciniki su amsa, wanda bai gamsu ba yana iya kai kuka gare ta ko ya je kotu. Sai dai tsoho ɗan ƙauye da me zai je? Duk wanda zai duba maganar, takarda zai duba, kuma takardar farko ita ce wadda ke kan teburinki. Ya ƙara da cewa ya ji an sa sunanta cikin waɗanda za a ɗauka zuwa babban ofis, ta yi tunani da kyau.

Ta yi tunanin. Ta ga gidan da za ta kama a Yamai, da makarantar da za ta sa 'ya'yanta. Ta ga cewa layi ukun nan babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu, Baba da kansa ya amsa ya ba da lambar, in ta sa hannu ba wanda zai ce ta yi zur, ko a nan ko a gaban alƙali. Abin da ya hana ta barci shi ne layi na huɗu, wanda in za ta rubuta shi dole ta fara da sunanta. Ita ta karɓi wayar a hannunsa. Ita ta san ba ya karatu. Maganar da za ta tsare shi ba ta fi numfashi ɗaya ba, ta ce Baba, ko ni ce na kira ka, kada ka karanto lambar da ta shigo. Ba ta faɗa ba, don akwai layi a bayansa kuma saura mutum biyar ta cika adadi. Ta yi ta juya wannan har aka kira assalatu. Ta tuna shi bai jira kowa ya tilasta shi ba, tambaya ɗaya liman ya yi masa, ya kwance rudu.

Da safe ta zo kafin kowa. Ta ajiye takardar direkta gefe, ta buɗe sabuwa. Ta rubuta cewa abokin ciniki ya ba da lambar, haka ne. Ta rubuta lokacin kowane kira biyar, da adadin da ke asusun a lokacin. Ta rubuta sabuwar waya da masu karɓa tara. Ta rubuta inda takardar gargaɗi take manne da harshen da aka rubuta ta, da kwandon rasiɗai, ta nemi a bincika yadda bayanan asusun suka fita. Ta rubuta cewa ita ce ta sa masa manhajar, ta san ba ya karanta boko, kuma ba ta yi masa gargaɗi da Hausa ba. Ta sa hannu.

Direkta ya karanta sau biyu, ya cire tabarau. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ta san abin da take buɗewa? In banki ya biya wannan, gobe wani zai haɗa baki da ɗan'uwansa, ya ba shi lamba, su kwashe kuɗin, ya zo yana kuka a biya shi. Kuɗin da za a biya kuma na sauran masu ajiya ne da masu jari, ba daga sama za su faɗo ba. Maganarsa tana da nauyi, ita ma ta san da haka. Ta ce Mushe, ban ce a biya duk wanda ya yi kuka ba. Wanda ya haɗa baki ba ya kwana a ƙofarmu yana neman mai tsayar da kuɗin. Na Juma'a sun fita ba mu sani ba. Na Asabar da Lahadi ya gaya mana, mu ne ba mu ɗauka ba. Ya ce ta cire sakin layin da ya shafi kanta aƙalla, don ba wanda ya tambaye ta shi, kuma zai bi ta har cikin takardunta na aiki. Ta ce in ta cire shi, saura ya zama tana nuna wasu da yatsa ne. Ya daɗe yana kaɗa biro a kan tebur. Ya ce shi zai aika nasa ra'ayin dabam, amma ba zai riƙe nata ba. Ya sa duka biyu a ambulan ɗaya.

Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noma, ba labari. Aka fitar da sunayen masu tafiya Yamai, babu nata. Masu bincike biyu suka zo daga babban ofis suka yi kwana uku suna tambayoyi, aka ɗauke kwandon, aka kawo injin yayyaga takarda. Sai da gero ya fara fitar da kai amsa ta zo. Banki zai mayar da abin da ya fita bayan kiran farko na safiyar Asabar, miliyan 4 da jaka 800, a matsayin sasanci, ba tare da amsa laifi ba. Na daren Juma'a yana kan mai asusu. Ita kuma an rubuta mata takardar jan kunne. An kuma ba da izini a sa sanarwa da Hausa da Tamajak a gidajen rediyon yankin, a ba masu gadi lambar wanda za su kira in an zo da gaggawa ranar hutu.

Ba ta buga wa Baba waya ba, ƙanensa ta aika wa. Ya zo ranar Litinin da jikan. Aka karanta masa takardar aka fassara. Ya ce na Juma'a ya yarda nasa ne, bakin gidansa ya faɗi lambar. Ya ce a ba shi abin da zai fanshi fadamarsa, sauran a bar shi a ciki. Direkta ya yi mamaki, ya ce ya ɗauka zai rufe asusun. Baba ya ce da nufin haka ya zo, har ya sa an gyara makullin akwati, amma ƙanensa ya gaya masa abin da ɗiyar nan ta rubuta a kan kanta. Ya miƙa mata wayar ya ce ta cire manhajar, zai riƙa zuwa da ƙafarsa. Ta cire. Kafin su fita ta durƙusa daidai tsayin yaron, wanda tun da suka shigo bai ɗago kai ba, ta nuna masa layi biyun nan na Faransanci, suka karanta tare, ta sa shi ya faɗa wa kakansa ma'anarsu da Hausa.

Da yamma, bayan an rufe ƙofa, ta buɗe durowa ta ciro fayil ukun da ta sa wa hannu a baya. Ta nemi jerin kiran layin gaggawa na waɗancan ranaku. Biyu daga cikinsu sun kira. Ta fara da dillalin dabbobi. Wayar ta yi ƙara, ya ɗauka, ta yi sallama ta ce daga banki take kira game da asusunsa. Bai bari ta ƙarasa ba, ya ce Allah ya isa, ya kashe. Ta sake bugawa, ya ƙi ɗauka. Ta tambayi mai gadi ranar da kasuwar Barmu ke ci, ta sa fayil ɗin a jaka, ta je ta rubuta takardar neman izinin fita na yini ɗaya.